Dalilin Da Ya Sa Nake Mayar Wa Mai Liƙi Kuɗinsa

Jama'a, assalamu alaikum. Ruwan nan da kuke gani kogin Logon ne. Inda nake tsaye Kuseri ce, a Kamaru, tsallaken can kuma Njamena, babban birnin Cadi. Ni mawaƙi ne, ba ni da kamfani, ba ni da ubangida. A ɗan ɗakina nake ɗaukar waƙa da kwamfuta ɗaya, yara su yi ta tura ta daga waya zuwa waya. Abincina kuwa yana wurin biki da suna.

To, a wurin bikin ne maganar take. Mutum zai matso ya cusa mini sefa 5,000, ya raɗa mini a kunne: "Malam, taɓa mana su wane." In rowa suka yi ko cin amana, habaici sana'armu ce, zan yi. In kuwa so yake in ce musu kirdi, wato arna, ko kaɗo, ko 'ya'yan bayi, sai in danƙa masa kuɗinsa a hannu. Mawaƙin da ke cin tuwon ubangida da wuya ya iya haka, don bakinsa ba nasa ba ne. Ni wannan ce ribar zaman kaina.

Ku tuna Disamban 2021. Ruwa ya ja baya a yankin Logon-Birni, masunta Musgum suka haƙa manyan ramuka don tare ruwa da kifi, shanun Larabawan Shuwa suka riƙa faɗawa ciki. Faɗa ya tashi, ƙauyuka suka ƙone, wutar ta iso har kasuwar shanu ta garin nan. Dubun-dubatar mutane, akasari mata da yara, suka tsallake kogin nan zuwa Cadi. Na ga mata da goyo suna rububin kwalekwale, kuma tun ranar nake tambayar kaina: ramin kifi kaɗai zai sa mutum ya cinna wa ɗakin maƙwabcinsa wuta? Sai an daɗe ana zuba wa yaro a kunne cewa wancan bai kai mutum ba. Mu mawaƙa muna cikin masu zubawar, don abin da aka ɗora a kan kiɗa ba ya fita daga kai.

Ranmu ya ɓaci a 2006 da 'yan kallo a Saragosa ta Sifen suka yi wa ɗan ƙwallon Kamaru Samuel Eto'o kukan biri, har ya nemi barin fili. Ya ɓaci a 2017 da CNN ta nuna ana gwanjon baƙaƙen fata a Libiya. Haka a 2023, lokacin da aka riƙa korar 'yan'uwanmu daga gidajen haya a Tunisiya bayan jawabin Shugaba Kais Saied. Ɓacin ran daidai ne. Sai dai kalmar "bawa" da ake jifanmu da ita a can, a bakinmu ma tana nan.

Akwai kuma wadda ta fi damuna, don na taɓa rera ta da bakina: "farar mace alkyabbar mata". Yarinya baƙa tana zaune a wurin bikin tana ji. Gobe ta ɗauki kuɗin tallarta ta sayi man bilicin, fuskarta ta ƙone. Na cire wannan kirari daga waƙoƙina, na kuma roƙi abokan sana'a su duba nasu.

Yanzu in zan hau dandali, baiti da Hausa nake yi, amshi kuma ya zaga: Larabcin Shuwa, Fillanci, Kotoko, Musgum. Wanda ban iya ba, sai in zauna gaban mai harshen ya gyara mini lafazi. A wani biki kwanan baya, amshin Musgum yana faɗowa wata tsohuwa ta miƙe daga bayan rumfa ta karɓe shi, matan da ke kusa da ita suka bi ta da tafi. Ga amshin nan, ku saurara.