Akinjide da lissafin 12 da biyu bisa uku: a ina aka yi dabarar?

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun rigimar zaɓen shugaban ƙasa na 2023 da aka yi ta ja-in-ja kan ko dole ɗan takara ya samu kashi 25 na ƙuri'un Abuja, duk sanda maganar ta taso sai wani ya faɗo a kwament ya ce "ai irin 12 da biyu bisa uku ne na Shagari", kuma wallahi in ka ce ya yi maka bayani sai ya hau kame-kame, wani har cewa yake wai raba jihar Kano aka yi gida uku a taswira aka ba Shagari biyu. Ba haka ba ne. Toh yau mutumin da ya kawo lissafin za mu duba, Cif Richard Akinjide, wannan da kuke gani da hular lauyoyi.

Tarihinsa a gurguje. Bayarabe ne ɗan Ibadan, ya yi sakandare a Oduduwa College da ke Ile-Ife, ya wuce Ingila ya karanto lauya ya dawo. A jamhuriya ta farko ya riƙe ministan ilimi a gwamnatin Tafawa Ɓalewa, ɓangaren Akintola, firimiyan Yamma, yake ba na Awolowo ba, ku riƙe wannan don tun nan aka raba gari. 1978 ya zama SAN, wato muƙamin girmamawa na manyan lauyoyin Najeriya. 1979 shi ne mai ba jam'iyyar NPN ta su Shagari shawara kan shari'a, ya tsaya takarar gwamnan Oyo, Bola Ige na UPN, jam'iyyar Awolowo, ya kayar da shi. Shikenan, mu je inda ake yinta.

11 ga Agusta 1979, zaɓen shugaban ƙasa, soja za su miƙa mulki. Mutum biyar: Shagari, Awolowo, Azikiwe, Malam Aminu Kano, Waziri Ibrahim. Shagari ya zo na ɗaya da ƙuri'a miliyan 5.6 da 'yan kai, Awolowo na biye da miliyan 4.9. Amma doka ba ta ce yawan ƙuri'a kaɗai ba, sai ka haɗa da kwata, wato kashi 25, a aƙalla biyu bisa uku na jihohi. Jihohi a lokacin 19 ne. Ɗauko kalkuleta ka raba 19 gida uku ka ɗau biyu, me ka samu? 12 da ɗigo shida shida shida, wato 12 da biyu bisa uku. Ba ta rabuwa. Wanda ya rubuta dokar nan dai ranar da ake darasin kasafi bai je makaranta ba.

Shagari ya samu kwatarsa a jihohi 12 cif. Ta 13 da ya fi kusa ita ce Kano, gidan Malam Aminu da jam'iyyarsa PRP, inda ya tsaya a kashi 19.94. Kowa ya ɗauka sai 13, ita kanta hukumar zaɓe FEDECO da take rajistar jam'iyyu 13 ta ƙirga. Da an tafi a haka sai zagaye na biyu, kuma ba talakawa za su sake layi ba, 'yan majalisun tarayya da na jihohi ne za su zauna su zaɓa, inda in sauran jam'iyyu suka haɗa kai komai na iya faruwa. Nan Akinjide ya ce a'a, doka biyu bisa uku ta ce, ba ta ce a cike gurbi zuwa 13 ba.

Toh nan ne wurin, ku ɗan ajiye abin da kuke yi ku kalli allon nan.

Ƙuri'un da aka kaɗa a Kano gaba ɗaya 1,220,763. Na Shagari a ciki 243,423. Akinjide ya ce tunda biyu bisa uku na jiha ake nema ba jiha sukutum ba, a ɗauki biyu bisa uku na jimillar ƙuri'un, ya zama 813,842. Kwatan wannan nawa ne? 203,460 da rabi. Shagari na da 243,423. Ya wuce, har da rara. Kun ga ba ƙaramar hukuma aka cire ba, ba taswira aka yanka ba, lamba ce kawai aka rage a takarda.

Amma kun lura da abin da bai motsa ba? Sake kallon allon. Jimilla ta sauka daga miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu zuwa dubu ɗari takwas, ƙuri'ar Shagari kuwa tana nan yadda take ko ɗaya ba a taɓa ba. Kamar yaro ne aka yi masa jarabawa tambaya 30 ya ci 6, kashi 20 kenan ya faɗi, sai malam ya ce bari mu ƙirga tambaya 20 kawai, amma goman da za a zubar duk cikin waɗanda ya faɗi za a ɗebo, shidansa na nan. 6 cikin 20, kashi 30, yaro ya haye. Da an rage nasa ma daidai wa daida, 4 cikin 20 zai koma, kashi 20 ɗin dai. Wato a taƙaice, a Kano kashi ɗaya bisa shida aka nema daga Shagari maimakon kwata. Dabarar kenan, duk sauran surutu ne.

FEDECO ƙarƙashin Michael Ani ta karɓi lissafin ta bayyana Shagari. Awolowo, wanda shi ma fa lauya ne, ya garzaya kotun zaɓe ya sha ƙasa, ya ɗaukaka zuwa Kotun Ƙoli, Akinjide ne ke tsaya wa Shagari. 26 ga Satumba, saura kwana biyar rantsuwa, Alƙalin Alƙalai Fatayi-Williams da mafi rinjaye suka tabbatar da Shagari. Mai shari'a Kayode Eso ne ya tsaya shi kaɗai ya ƙi tabbatar da zaɓen, ya ce sam, jiha ba ta gutsuruwa, 13 ce. Ni dai ra'ayina, a lissafi Eso ya fi gaskiya, amma kuma mutumin da ya ba na biyu ratar ƙuri'a sama da dubu ɗari bakwai a ce 'yan majalisa su shiga ɗaki su ba wani, shi ma da an ji jiki. Ku yi ta faɗan a kwament, ba ruwana.

Shagari na hawa ya naɗa shi ministan shari'a kuma babban lauyan gwamnati, 1979 zuwa 1983, 'yan adawa suka ce tukwici ne. Soja suka yi juyin mulki ƙarshen 1983 ya bar ƙasar. Daga baya yana cikin lauyoyin Najeriya a shari'ar Bakassi a kotun duniya, wadda aka ba Kamaru a 2002, can kam lissafi bai yi aiki ba. 'Yarsa Jumoke ta yi ƙaramar ministar Abuja zamanin Jonathan. Ya rasu Afrilun 2020 a Ibadan.

Mai tambaya ko za a iya maimaita wannan yanzu, jihohi 36 ne, raba uku ɗau biyu, 24 cif babu ɗigo. Rigimar 2023 kan matsayin Abuja aka yi, wannan kuma bidiyo ne na daban.