Oscar Wilde: Ya Ba Ingila Dariya, Ta Ba Shi Gadon Katako

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan Oscar Wilde ne, marubucin wasan kwaikwayo da waƙe ɗan ƙasar Ailan.

An haife shi a Dublin ranar 16 ga Oktoba, 1854, lokacin Ailan tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Mahaifinsa likitan ido da kunne ne, mahaifiyarsa kuma tana rubuta waƙoƙin kishin ƙasa da laƙabin Speranza. Ya yi karatu a Kwalejin Trinity ta Dublin, ya wuce Oxford, inda ya ci kyautar waƙa a 1878. Tun bai rubuta wani abin a zo a gani ba sunansa ya karaɗe Landan, saboda ado da kaifin baki. A 1882 har Amurka aka gayyace shi, ya yi ta zagaye yana lacca kan ƙawa da fasaha, har a gaban masu haƙar azurfa.

Tauraronsa ya haska ne tsakanin 1892 da 1895, da wasannin barkwanci huɗu. Fitacce a cikinsu shi ne The Importance of Being Earnest, wanda aka fara nunawa ranar 14 ga Fabrairu, 1895. Wani saurayi ne ya je neman aure, uwar yarinya ta tsare shi da tambayoyi: dukiya, gida, sana'a, duk ya tsallake. Da aka zo kan asali sai ya ce ai shi tsintar sa aka yi yana jariri cikin jakar hannu a tashar jirgin ƙasa. Nan take magana ta watse. Abin lura shi ne, waɗanda ake yi wa shaguɓen, wato masu sarauta da masu kuɗin Landan, su ne ke zaune a kujerun gaba suna tafi. Wilde baƙo ne daga ƙasar da suke mulka, amma ya iya harshensu har ya fi su, yana nuna musu munafuncinsu suna biyan kuɗin shiga.

Kwana huɗu bayan wannan dare, wani basarake, Marquess na Queensberry, ya ajiye masa kati a kulob yana zarginsa da luwaɗi, saboda alaƙar Wilde da ɗan basaraken, Lord Alfred Douglas. Abokai suka ba Wilde shawara ya share, ya tafi Faransa. Ya ƙi, ya kai ƙarar ɓata suna. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Lauyan Queensberry, Edward Carson, wanda suka yi zamani tare a Trinity, ya zo da shaidu, ƙara ta rushe, hukuma ta kama mai ƙara. Ranar 25 ga Mayu aka yanke masa ɗaurin shekara biyu da aiki mai tsanani. An yi gwanjon kayan gidansa har da littattafai, an goge sunansa daga allunan tallar wasanninsa.

A ganina, abin da ya rubuta bayan nan ya fi duk barkwancin nauyi, ko da yake ba shi aka fi tunawa ba. A kurkukun Reading ya kwana kan gadon katako, an hana fursunoni magana da juna, lambarsa C.3.3. ta maye gurbin sunansa. Yana fitowa a Mayun 1897, bai fara da kukan kansa ba. Wasiƙa ya aika wa jaridar Daily Chronicle a kan ƙananan yaran da ake kullewa cikin ɗaki su kaɗai, ga yunwa ga firgici, da kuma wani gandiroba da aka kora daga aiki don kawai ya ba wani yaro biskit. Sai doguwar waƙarsa ta 1898, The Ballad of Reading Gaol, a kan wani soja da aka rataye a gidan saboda ya kashe matarsa. Bai wanke sojan ba. Abin da ya nuna shi ne yadda jiran igiya ke cinye wanda za a rataye da duk waɗanda ke kulle tare da shi. Lambarsa ta fursuna ya sa a bangon littafin.

Daga nan alƙalami ya bushe. Ya zauna a Faransa da sunan aro, Sebastian Melmoth, yana cin bashi wurin abokai. Matarsa Constance ta sauya sunan iyalin zuwa Holland, ta rasu a 1898, kuma bai sake ganin 'ya'yansa biyu ba. Ya mutu a wani ƙaramin otal a Paris ranar 30 ga Nuwamba, 1900, yana da shekara 46.