Ightham Mote: rushe shi aka yi ko gyara?

Wannan gidan da ruwa ya kewaye, sunansa Ightham Mote, a yankin Kent da ke kudu maso gabashin Ingila. Tun ƙarni na 14 yake tsaye, gidan masu ƙasa ne, ga gonaki da dazuzzukansa a kewaye. Zuri'ar Selby sun riƙe shi kusan shekara 300. A 1953 wani Ba'amurke, Charles Henry Robinson, ya saye shi. Da ya rasu a 1985, gidan ya koma hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi.

To, ga inda ake ta gardama. Mutane sun ga hotunan aikin da aka fara a 1989, an yaye rufi, bango a buɗe, sai suka ce ai rushe shi aka yi, aka gina sabo.

Ba haka ba ne. Ku dubi wannan katakon na jikin ginin da kyau. Kun ga inda launinsa ya bambanta? Ɓangaren da ya yi duhu shi ne na asali. Danshi da ƙwari sun cinye gindinsa, sai kafinta ya yanke iya wurin da ya ruɓe, ya sassaƙa sabo daidai bakin tsohon, ya haɗe su. Kafin a cire komai kuwa, sai an ɗauki hotonsa, an rubuta inda yake, domin ya koma mazauninsa. Shi ya sa aikin ya kai har 2004, ya ci kimanin fam miliyan 10.

A irin wannan gyara, da farar ƙasa ake yaɓe, domin tana barin danshi ya fita. Siminti kuwa riƙe shi yake a ciki. Duk wanda ya taɓa ganin an shafe ginin ƙasa da siminti a garuruwanmu, bayan 'yan damuna fatar ta ɓamɓare, ciki ya zama gari, ya san zancen. Ni dai abin nan yana ci mini rai duk lokacin da na gani.

Yanzu mu shiga tsakar gidan. Wancan ɗan ƙaramin ginin na gefe, ɗakin kare ne, an yi shi wajen 1890 saboda wata ƙatuwar karya mai suna Dido. Shi ma doka ta kare shi, a mataki mafi girma na gine-ginen tarihi na Ingila.