Darasi: Mu buɗe gwangwanin feshi mu ga dalilin da ya sa aka rubuta digiri 50 a jikinsa

MALAM: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga shagonmu a nan cikin garin Sakkwato muke magana, ɗan ƙanwata ne ke riƙe da waya. Yau gwangwanin feshi za mu duba. Ga su nan guda huɗu a kan tebur: na maganin sauro, na fentin da masu gyara ke fesa wa tankin kabu-kabu, na turaren jiki, sai wanga ƙaramin na masu ciwon asma. Na biyar kuma na riga na raba shi biyu don ku ga cikinsa.

Amma ina roƙonku don Allah, kada wani ya ce zai yanka nasa a gida. Wanga sai da na danne kansa a fili har ya daina ko da huci, sannan na yanka, kuma ba da abin da ke tartsatsi ba. Ni na ɗauke muku wannan aikin, ku dai ku kalla.

Matso da wayar, ɗana. To, mi ka gani?

ƊALIBI: Kawu, wani siririn bututu ne na roba, ya sauko daga sama har ƙasa. Sai wata ƙwallo kamar ta gilashi.

MALAM: Madalla. Ƙwallon nan ita ce kuke jin tana ƙara in an girgiza gwangwanin fenti. Aikinta na muciya ne. Launin fenti yana da nauyi, in gwangwani ya daɗe a ajiye sai ya kwanta a ƙasa kamar gasarar koko, ita ke motsa shi ya koma ya gauraya. Shi ya sa mai fentin da ya san aikinsa ba ya ƙyashin girgizawa minti ɗaya ko biyu.

Yanzu ga babbar tambaya. Babu famfo a ciki, babu batir, to mi ke turo ruwan waje? Gas ne. Kuma a yawancin gwangwanayen da ke kasuwa yau, irin gas ɗin girkin nan ne da kuka sani, butan da furofan. Butan yana tafasa ne a wajen sifili na ma'aunin Salshiyas, wato sanyin da ruwa ke ƙanƙara, furofan kuwa tun a digiri 42 ƙasa da sifili. Ma'ana a zafin ɗakinmu, so yake ya zama iska ya tashi. Amma an matse shi an kulle a cikin ƙarfe, babu wurin zuwa, sai yawancinsa ya zauna a matsayin ruwa, ya gauraya da maganin, kaɗan ya tashi ya cika sararin da ke sama. Wancan na saman shi ke danna ruwan ƙasa. Da ka taɓa kai, hanya ta buɗe, sai ruwan ya hau ta bututun nan ya fito. Yana fitowa sarari, gas ɗin da ke cikinsa ya tafasa nan take, ya farfasa maganin ya zama ƙananan ɗigo kamar hazo. Abin da kuke gani ke nan yana tashi.

Hikimar da ta fi burge ni ita ce wagga. Duk lokacin da ka fesa, sarari ya ƙaru a ciki, sai wani ɓangare na ruwan gas ɗin ya sake tafasa ya cike gurbin. Saboda haka ƙarfin feshin ranar da ka saya kusan shi ne ƙarfinsa ranar da zai ƙare. Kuma tafasar nan tana jan zafi, shi ya sa in ka daɗe kana fesawa gwangwanin ke yin sanyi a hannunka, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa.

ƊALIBI: To Kawu, mi ya sa in na kifa shi kai ƙasa sai iska kawai ke fita?

MALAM: Dubi bakin bututun. In ka kifa, ruwa ya koma wajen kai, bakin bututu ya tsaya a cikin gas. Masu fenti suna yin haka da gangan bayan sun gama aiki, su kifa su danna na ɗan lokaci don gas ya wanke ƙofar, kada fenti ya bushe ya toshe ta. Amma kada a yawaita, don in gas ya ƙare kafin fenti, sauran fentin ya zama asara.

Bari mu ɗan koma baya. Wani injiniya ɗan ƙasar Nowe, Erik Rotheim, shi ne ya yi rajistar wagga dabara a 1927. Ba ta yi kasuwa ba a lokacinsa. Sauro ne ya fito da ita fili. A 1941, wasu masu bincike biyu na ma'aikatar noma ta Amurka, Lyle Goodhue da William Sullivan, suka haɗa gwangwanin feshin maganin ƙwari, aka riƙa raba wa sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a tsibiran tekun Fasifik inda zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da su. Wato dai abokin gabar da ke hana mu barci da damina a nan bakin Rima, shi ne sanadi. Sai dai waɗancan na farko masu kauri ne da nauyi, kamar ƙaramar tukunyar gas. Abin da ya sa ya zama kayan kowa shi ne bawul mai araha, wato ƙofar da ke buɗewa in an danna kan gwangwani, da Robert Abplanalp ya ƙera a 1949, wanda inji ke matse shi a bakin gwangwani cikin ƙiftawar ido.

Ga bawul ɗin nan na warware shi. Ɗan faifan ƙarfe, sai sanda mai rami a tsakiya da ɗan huji a gefenta, sai zoben roba da ke rufe hujin, sai sifirin a ƙasa yana tura sandar sama. Ka danna, huji ya sauka ƙasa da robar, hanya ta buɗe. Ka saki, sifirin ya mayar. Shi ke nan. Zoben robar nan bai kai ƙwayar wake ba, amma shi ke tsare gas shekara biyu, shekara uku. Kuma bakin da ake ɗora faifan a kai, kusan a duk duniya faɗinsa ɗaya ne, inci ɗaya, wato milimita 25.4, don bawul ɗin wani kamfani ya hau gwangwanin wani.

To mu zo ga jikin gwangwanin, nan ne aikinmu na masu ƙarfe yake. Miƙo min mayen ƙarfen can. Kun gani, ya kama na maganin sauro, ya ƙi kama na turare. Iri biyu ne ke nan.

Wanda ya kama baƙin ƙarfe ne da aka shafe shi da kuza, shafe marar kauri, don kada ya yi tsatsa. Gida uku ne: jiki, kai da gindi. Ana buga rubutu da zane tun yana shimfiɗe kamar takarda, a yanka, a naɗe, a yi wa gefen walda da lantarki. Juya shi, ɗana, nuna musu layin nan da ya sauko daga sama zuwa ƙasa. Wannan ita ce waldar. A da da dalma ake liƙe irin wanga layi, aka bari. Daga nan a ɗora kai da gindi, a nannaɗe bakinsu da bakin jikin, a matse, ba tare da wuta ba.

Na turaren kuwa alminiyam ne, kuma duba duk inda za ka duba ba za ka ga ɗinki ba. Yadda ake yin sa abin mamaki ne. Ana ɗauko ɗan faifan alminiyam mai kauri, kamar babban kwabo, a sa shi a cikin rami na ƙarfe, sai wata sanda ta doke shi da ƙarfin gaske, bugu ɗaya tak. Ƙarfen ba shi da wurin gudu sai sama, sai ya malalo ya bi jikin sandar ya zama kofi mai tsawo. Ba a narka shi ba, ba a ɗumama shi a wuta ba, ƙarfin bugu kawai. Duk wanda ya taɓa damƙe curin fura a hannu ya ga tana fitowa ta tsakanin yatsu ya fahimci abin. Sai a datse baki, a wanke, a fesa wa cikin wani shafe don kada turare ya ci ƙarfen, a buga zane, sannan a riƙa matse wuyan kaɗan-kaɗan, mataki bayan mataki, har ya kai inci ɗayan nan. In aka ce a matse shi lokaci guda, yamutsewa zai yi. Yanzu masana'antu sun koma neman yadda za su rage kaurin bango ba tare da rage ƙarfi ba, suna jan ƙarfen ta cikin zobba yana ƙara tsawo yana sirancewa, irin yadda ake yin gwangwanin lemo.

Kifa shi mu ga gindin. Kun ga ya lotsa ciki kamar an kifa ƙwarya? Ba ado ba ne. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe in matsi ya danne shi kumbura yake yi, amma mai siffar baka yana rarraba nauyin zuwa gefe. Maginanmu na gargajiya sun san wannan tun da daɗewa, ku dubi rufin soro na bakan gizo. Amfani na biyu, sauran maganin da ya rage yana gangarowa gefe inda bakin bututu yake. Na uku kuma shi nake so kowa ya riƙe: in matsi ya yi yawa, sau da yawa gindin nan ne ke fara turowa waje. Duk gwangwanin da ka ga gindinsa ya kumburo har ba ya tsayuwa daidai a kan tebur, ya riga ya faɗa maka ya wahala. Kada ka saya, kada ka sayar.

ƊALIBI: Kawu, an ce wai feshin nan yana huda sama.

MALAM: An yi haka, ɗana, amma labarin ya canja. Da can gas ɗin da ake zubawa shi ne CFC, ba ya kama wuta, kowa na murna da shi. A 1974 masana biyu, Sherwood Rowland da Mario Molina, suka nuna cewa yana hawa can sama yana cinye rufin ozon da ke tare mana mugun hasken rana. Amurka ta hana sa shi a yawancin kayan feshi a 1978, sannan ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987. Aka koma butan da furofan. An tsira daga wancan, amma an shigo da abin da ke kama wuta cikin ɗakunanmu. Don haka mai fesa maganin sauro kusa da risho ko kyandir ko garwashin turaren wuta, ya sani gas ɗin girki yake watsawa.

Akwai wata dabara da ake yayi yanzu, jaka a cikin gwangwani. Maganin yana cikin jakar da aka liƙa wa bawul, a waje da jakar kuma iska ce zalla ko naitirojin aka matsa, tana matse jakar kamar yadda kake matse ledar ruwa. Magani bai taɓa haɗuwa da gas ba, kuma ko a kife ko a kwance zai fesa. Ana yawan amfani da ita a ruwan wanke ciwo. Shi kuma wanga na asma, wanda aka fara fitar da irinsa a 1956, bawul ɗinsa yana da ɗan ɗaki a ciki mai auna magani, duk dannawa ɗaya awo ɗaya, ko ka daɗe da yatsa a kai ba zai ƙara ba. Masu fama da ƙirji lokacin hunturu sun san darajarsa.

Yanzu karanta min abin da ke rubuce a bayan na maganin sauron, wajen hoton harshen wuta.

ƊALIBI: An ce kada a bar shi a zafin da ya wuce digiri 50. Kada a huda, kada a ƙona ko da ya ƙare.

MALAM: To, wagga lamba ba daga ka aka tsinto ta ba. A masana'anta, bayan an cika gwangwani, ana bi da shi ta cikin kwamin ruwan zafi mai kimanin digiri 50, ana duba ko zai fitar da kumfa ko ya canja siffa, daidai yadda mai faci ke tsoma tiyub a ruwa yana neman huji. Wanda ya wuce lafiya shi ake kawo muku. Iyakar alkawarin da mai ƙera ya ɗauka ke nan. Mutumin Turai zai karanta 50 ya ga abu ne mai nisa. Mu nan Sakkwato, a watan Afrilu inuwa kanta tana haura 40. Motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana tsakanin azahar da la'asar, cikinta yana wuce 50 nesa ba kusa ba. Haka kwantenar ƙarfe da aka mayar shago, haka teburin da rana ke duka a Babbar Kasuwa. Kuma matsin butan ba a hankali yake hawa ba, yana ƙara zafi yana ƙara gudu. Direbobi masu ajiye turare a gaban mota, 'yan tireda masu jera maganin sauro a rana don mai saye ya hango, ina roƙonku ku mayar da su inuwa. Kwali ɗaya da za ka kifa a kai ya rage wani abu.

Ban manta wata rana da bazara a unguwarmu ba, an cinna wa bola wuta, yara na tsaye kusa. Gwangwani ɗaya da aka jefar ya tashi da ƙara kamar bindiga, gindinsa ya fita ya yanki wani yaro a ƙafa, sai da aka yi masa ɗinki. Wanda ya jefar ya ɗauka ya ƙare, don ya girgiza bai ji komai ba. Ruwa ne ya ƙare, gas yana nan.

Saboda haka in naka ya ƙare, fita waje inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta, ka danne har hucin ya tsaya cak. Sannan ka ware shi daban, ka ba 'yan gwangwan hannu da hannu, ka faɗa musu na feshi ne. Su ma suna so, musamman na alminiyam, don sake narka alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na wutar da ake ƙonawa wajen yin sabo. 'Yan uwana maƙera masu zuba tukwane, ku ma kada ku jefa shi a tukunyar narki da bawul a kansa, ku tabbatar a buɗe yake tukuna.

Ɗana, rana ta iso bakin teburin nan. Kashe wayar ka kwashe su ka kai ciki.