Ludvik Vaculik: Marubucin da Aka Hana Ɗab'i, Ya Koma ga Tafireta

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam shugaban taro, malamai, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, ina yi muku barka da yamma. Waɗanda ke baya in ba ku ji na ku ɗaga hannu.

In aka ambaci marubutan ƙasar Cekoslobakiya da suka ja da gwamnatin gurguzu, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Vaclav Havel, saboda ya sha ɗauri kuma daga baya ya zama shugaban ƙasa. Ni kuwa yau abokinsa na ɗauko, Ludvik Vaculik, wanda mutanensa ke kira Batsulik. Dalilina shi ne rayuwarsa ta fi nuna yadda takunkumi ke cin marubuci a zaune, ba sai an kai shi kurkuku ba.

An haife shi a 1926 a garin Brumov da ke yankin Morabiya. Mahaifinsa kafinta ne. Yana saurayi ya yi aiki a masana'antar takalma ta Bata da ke Zlin. E, Batan da dattawanmu suka sani, asalinsa daga can ne. Bayan yaƙin duniya na biyu ya shiga jam'iyyar kwaminis da zuciya ɗaya, domin ɗan talaka ne kuma ya yarda da alkawarin da aka yi wa talaka. Ku riƙe wannan, don mutumin ɗan gida ne, kuma sukar ɗan gida ta fi ta baƙo zafi.

A watan Yunin 1967 ƙungiyar marubutan ƙasar ta yi babban taronta na huɗu a birnin Prag, manyan jam'iyya na zaune. Vaculik ya miƙe ya faɗa musu cewa a shekara ashirin ta mulkinsu ba su warware ko ɗaya daga cikin matsalolin ɗan Adam ba, tun daga muhalli har makaranta. Aka kore shi daga jam'iyya tare da marubuci Ivan Klima, aka kuma ƙwace jaridar ƙungiyar aka miƙa wa ma'aikatar al'adu. Ba a daɗe ba iska ta juya. A Janairun 1968 Alexander Dubcek ya karɓi jam'iyya, aka sassauta, har a watan Yuni aka soke tace rubutu a doka. Ranar 27 ga wannan watan jaridu suka buga wata takarda da Vaculik ya rubuta bisa roƙon wasu masana kimiyya, mai suna Kalmomi Dubu Biyu. Fitattun mutane sun sa hannu, har da zakaran tseren nan Emil Zatopek. Abin da ta ce a taƙaice shi ne kada jama'a su zauna jiran manya su gyara kansu, su matsa wa waɗanda suka ci amanar muƙami su sauka. Mosko ta karanta ta a matsayin tawaye. Daren 20 ga Agusta, wayewar 21, tankokin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka shigo.

To, a nan nake so mu ɗan zauna. Da Gustav Husak ya gaji Dubcek a Afrilun 1969, bai yi ta kashe mutane ba kamar yadda aka yi a farkon shekarun 1950. Ta tukunya ya bi. An tankaɗe jam'iyya, kusan rabin miliyan suka fita ko aka fitar da su. Marubucin da sunansa ya shiga jerin haramtattu, sai a kwashe littattafansa daga ɗakunan karatu da kantuna, jarida ba za ta buga ko layi ɗaya nasa ba, rediyo ba zai ambace shi ba. 'Ya'yansa kuma su nemi gurbin karatu a ce babu. Ga shi a ƙasar laifi ne mutum ya zauna ba aikin yi, alhali kusan gwamnati ce kaɗai mai ɗaukar ma'aikata. Shi ya sa farfesoshi suka koma wanke tagogi da zuba gawayi a tukunyar ɗumama gidaje. Havel ya gangara gangunan giya a wata masana'anta a Trutnov a 1974. Zatopek, mai lambobin zinare huɗu na Olamfik, ya koma cikin masu haƙar rijiya. Ƙofa biyu aka bari a buɗe: ka fito fili ka ce ka tuba, ko ka bar ƙasar. Marubuci Milan Kundera ya tafi Faransa a 1975, aka soke masa zama ɗan ƙasa a 1979. Vaculik ya ƙi tuba, ya kuma ƙi tafiya.

Me ya yi? Wajen 1972 ya kafa abin da ya kira Petlice, wato Kwaɗo, irin na kulle ƙofa. Kamfanin ɗab'i ne wanda ba shi da inji, ba ofis, ba rajista. Ku dubi yadda ake aikin. Marubuci ya gama littafi ya kawo. Vaculik ya kai wa mai buga tafireta, galibi mata ne da ke yi a ɗakunansu. Ta jera takarda shara-shara kamar guda goma ko ɗan fiye, tsakanin kowace biyu da kabon, ta cusa cikin tafireta, ta riƙa dukan harufa da ƙarfin tsiya don su ratsa har ƙasa. Kuskuren harafi ɗaya, sai a bi kowane kwafi a gyara. Na sama ya fito tas, na ƙarshe kuwa sai ka kanne ido ka kusanto da fitila. A kai wurin ɗauri, sannan shi da kansa ya zuba a jaka ya bi gida-gida, ya karɓi kuɗin takarda da ladan mai bugu, ba riba. Kamar dai yadda almajiranmu ke kwafe littafin malami da hannu ya yi ta zagaya gari, wanda ya karanta ya miƙa wa na gaba, wani kuma ya zauna ya sake bugawa.

Akwai wata dabara da ta burge ni. Marubucin kan sa hannu a kowane kwafi, a kuma rubuta cewa an haramta sake kwafar wannan rubutu. Ke nan a idon doka ba littafi aka wallafa ba, mutum ne ya ba abokansa rubutunsa su duba. Wayo ne, amma bai hana 'yan sandan ciki, da ake kira StB, zuwa ba. A Afrilun 1975 sun birkice gidajen marubuta, suka kwashi takardun Vaculik, suka tafi da rubutun masanin falsafa Karel Kosik mai kusan shafi dubu. Duk da haka kafin 1989 Kwaɗo ya fitar da littattafai kusan 400. Wasu sukan ƙetara iyaka a ɓoye su isa Toronto ta Kanada, inda marubuci Josef Skvorecky da matarsa suka kafa maɗaba'a a 1971, a buga su sosai, a sake satar hanya a dawo da su gida.

Ranar 6 ga Janairun 1977, Vaculik da Havel da ɗan wasan kwaikwayo Pavel Landovsky suka shiga mota ɗauke da takardar da aka sani da Charta 77, wadda sama da mutum 240 suka sa wa hannu. Ba ta nemi a kifar da kowa ba. Cewa ta yi gwamnati ta mutunta yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam da ita kanta ta rattaba wa hannu. 'Yan sanda suka bi motar suka tare ta. Kafin watan ya ƙare an tara mawaƙa da 'yan wasa a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa su la'anci takardar da jaridun gwamnati suka ƙi bugawa. Jan Patocka, dattijo masanin falsafa kuma ɗaya daga cikin kakakinta uku, ya rasu ranar 13 ga Maris bayan doguwar tuhuma. Shi kuwa Vaculik ta mutunci aka bi masa. Wasu hotunan sirrinsa da aka ƙwace lokacin bincike, aka buga su a mujalla don a kunyata shi gaban matarsa da 'ya'yansa. Ba waliyyi ba ne, yana da nasa tabon, kuma hukuma ta san inda za ta danna. Bai janye hannunsa ba. A watan Janairun ma ya rubuta ɗan gajeren sharhi kan kofin gahawa da jami'in tuhuma ya yi masa tayi, yana auna abin da shan ko ƙin shan ke nufi.

Abin da ya fi ja na gare shi ya faru a ƙarshen 1978. Ya rubuta wata maƙala kan jarumta, inda ya tambayi kansa ko ya isa shiga kurkuku. Ya ce manyan ayyukan jarumai suna tsorata mutumin gari, su sa ya ga abin ya fi ƙarfinsa, alhali ma'aikacin da ke riƙe gaskiyarsa a wurin aiki ba da hayaniya ba shi ma yana ja da zalunci. Abokansa da dama suka fusata. Havel ya mayar masa da martani cewa ba wanda ke zaɓar kurkuku, hukuma ce ke zaɓar wanda za ta kama, ya kawo misalin marubuci Jiri Grusa da aka tsare a shekarar saboda littafi. Watanni kaɗan bayan haka aka kama Havel, aka yanke masa shekara huɗu da rabi. Wasu sai su ce wannan ya raba gardama. Ni ban ga haka ba. Waɗanda suka sa hannu a Charta ba su kai 2,000 ba a ƙasa mai mutum miliyan 15, kuma littattafan nan sun rayu ne a hannun masu bugu da masu ɗauri da masu aro, waɗanda yawancinsu ba su taɓa sa hannu a komai ba. Su ne Vaculik ke karewa.

Da mulkin ya faɗi a Nuwamban 1989, Havel ya zama shugaban ƙasa ranar 29 ga Disamba, abokan gwagwarmaya da yawa suka zama ministoci da jakadu. Vaculik bai shiga gwamnati ba. Ya ci gaba da rubuta filinsa na mako-mako a jaridar Lidove noviny, yana sukar sababbin masu mulki da 'yan kasuwa, yana ɓata wa tsofaffin abokai rai, har ya rasu ranar 6 ga Yunin 2015 yana da shekara 88.

Malam shugaba ya nuna mini agogo tun ɗazu, kuma magariba ta kusa. Mai tambaya ya zo kusa da makirufo ya faɗi sunansa. Na gode, wassalamu alaikum.