Ambaliya a Zariya: Aikin da Ke Kan Gwamnatin Jiha Kafin Ruwa Ya Sauka

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena malamai, masu unguwanni da suka amsa gayyata, 'yan'uwa ɗalibai, barkanku da zuwa.

Maganar ambaliya ce ta tara mu, kuma gwamnatin jiha zan fi ambata. Tarayya tana da nata aikin: akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tun 1999, akwai NiMet mai fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, akwai NIHSA mai bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci. To amma wanda ke Abuja bai san wace kwata ce ta toshe a Tudun Wada ba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, izinin gini yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, agajin gaggawa kuma na hukumar jiha ne, KADSEMA. Ashe ke nan mafi yawan abin da zai hana ɓarna a Kaduna ake yanke shi.

Kun tuna 2012, lokacin da ruwa ya kashe mutum 363 a faɗin Najeriya, ya raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Mu a nan ba a bakin Kwara ko Binuwai muke ba, ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ba ya iso mu. Ruwan da ke rushe mana gidaje namu ne, wanda ya sauka a kan kwanonmu. Zariya tana samun wajen milimita 1,000 a shekara, amma cikin 'yan watanni yake zuba, Agusta ya fi kowane wata nauyi. Ina zai bi? Wani ya gangara Kubanni, wani Galma, saura kuma da can kududdufai ne ke shanye shi.

Bari in ɗan daɗe a nan, domin abin yana damuna ƙwarai. Kakanninmu sun haƙi ƙasa sun gina birni da ganuwa, ramukan da suka bari suka zama ma'ajiyar ruwan unguwa. Yau ana cike su da shara, a daddale, a yanka filoti a sayar. Ruwa kuwa ba ya mance hanyarsa. In ya zo ya tarar da gini a mazauninsa, sai ya shiga zauren maƙwabci. Ku dubi katangar ƙasa bayan kwana uku ana yayyafi: gindinta ya jiƙe ya yi duhu, yaɓen ya fara zubewa, sannan cikin dare ta zauna a kan masu barci. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Ina roƙon jiha ta ƙirga kududdufan da suka rage, ta sa su a taswira, ta haramta gini a kansu, wanda kuma talauci ya kai shi bakin rafi a ba shi wani fili kafin a ce ya tashi.

Yasar magudanan ruwa aikin watan Afrilu ne, tun ledoji da yashi suna bushe. Hasashen NiMet kuma kada ya tsaya a ofis. A mayar da shi Hausa, a sa a rediyo, a miƙa wa hakimai da masu unguwanni da limamai, a faɗa wa mutane makarantar da za su fake in ruwa ya zo da tsakar dare. Kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma ya zama yana da mota da mai da lambar waya da ake ɗagawa.

Wani zai ce ina kuɗi? Akwai asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, jihohi da ƙananan hukumomi suna da kaso a ciki. Haƙƙinmu ne a buga mana nawa ya shigo, kuma wane aiki aka yi da shi.

In ɓarna ta riga ta auku, shinkafa da tabarma da bargo suna da amfani, ban raina su ba. Sai dai ranar da ruwa ya janye wata wahalar ke farawa. Masai ya tumbatsa ya shiga rijiya, sai amai da gudawa, sai sauro. A tura ma'aikatan lafiya da maganin tsabtace ruwa a makon farko. Manomin fadama da masararsa ta nutse, iri da taki yake buƙata don ya kama noman rani. Wanda ɗakinsa ya faɗi kuwa, a taimaka masa da siminti ya ɗaga tushen ginin sama da inda ruwa ya kai. Sunayen waɗanda abin ya shafa a rubuta su gida-gida tare da mai unguwa, a karanta a bainar jama'a kafin a fara rabo.

Na ga ana ɗaga hannu a baya. Malam, bismillah, a miƙa masa abin magana.