Wuƙar da ke Karkarwa: Yadda Ake Sassaƙa Ƙarfe Mai Tauri da Lu'ulu'u

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da haɗuwa.

A duniya babu wuƙar sassaƙa da ta kai lu'ulu'u kaifi. Da ita ake gyara tagulla da alminiyom har su fito sumul suna ƙyalli, kaushinsu bai wuce 'yan nanomita ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). To amma ku ɗora ta a kan baƙin ƙarfe ku gani, nan da nan bakinta zai dushe. Ba wai ƙarfen ya fi ta tauri ba ne, a'a. Lu'ulu'u kabon ne zalla, baƙin ƙarfe kuwa yana shan kabon. Da wurin yanka ya ɗauki zafi, sai kabon ɗin ya riƙa komawa girafait, irin baƙin abin da ke cikin fensir, yana shigewa cikin ƙarfen. Shi ya sa masu yin mazubin lensi suka daɗe suna shafe ƙarfen da nikel mai fosfaras, sannan su sassaƙa shafen, ƙarfen kuwa su ƙyale shi.

Mafita ta fito ne daga Japan. Junichiro Kumabe ya daɗe yana nazarin yanka da wuƙa mai karkarwa. A 1991 Toshimichi Moriwaki da Eiji Shamoto na Jami'ar Kobe suka sassaƙa ƙarfe marar tsatsa da lu'ulu'u mai karkarwa, ya fito kamar madubi.

Ga yadda abin yake. Ana haɗa wuƙar da wani sinadarin fizo wanda ke miƙewa ya tsuke idan an ba shi lantarki. Sai ta riƙa kai da komo sau dubu 20 zuwa dubu 40 a daƙiƙa ɗaya, tazarar motsin 'yan maikuromita kaɗan (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ido ba ya gani, kunne ma ba ya ji. A kowane zuwa tana ɗan taɓa ƙarfen ta ja da baya, iska da man sanyaya su shiga tsakani, zafi ba ya samun damar taruwa, kabon ba ya samun lokacin tserewa.

A 1994 su biyun suka ƙara wata dabara, wadda a ganina ita ce ta fi burgewa. Maimakon gaba da baya kawai, sai suka sa bakin wuƙar yana zana da'ira mai siffar ƙwai. Ku lura da kyau a nan. A yanka na yau da kullum, ɓawon da ake sassaƙowa yana gogar fuskar wuƙa, gogayyar tana danne shi. A wannan salon kuwa, wuƙar kan nutsa, ta yanka, sannan ta yi sama da saurin da ya wuce na ɓawon. Sai gogayyar ta juya, ta koma tana taya ɓawon fita. Ɓawon ya yi siriri, ƙarfin da ake bukata ya ragu ƙwarai.

Wannan ya amfani abubuwa masu tsagewa irin su gilashi da silikon da tangistin kabaid. Su ma suna yankuwa ba tare da tsaga ba, in dai zurfin yankan bai wuce wani ƙaramin mizani ba, sau da yawa ƙasa da maikuromita ɗaya. Karkarwa tana faɗaɗa wannan mizanin.

Wani ɗalibi a baya can ya ɗaga hannu, na san tambayarsa: me ya hana kowace masana'anta yin haka? Gudu ne, ɗana. Dole saurin yankan ya zauna ƙasa da saurin karkarwar, in ba haka ba wuƙar ba za ta rabu da ƙarfen ba, amfanin ya tafi. Mu lissafa. Karkarwa dubu 40 a daƙiƙa, tazara maikuromita 2, ku ninka su da biyu da kuma fai, wato lambar nan ta lissafin da'ira, kusan 3.14. Za ku samu kusan mita 30 a minti ɗaya, kuma a aikace ana tafiya ƙasa da haka nesa ba kusa ba don fuskar ta yi santsi. Don haka ƙananan kaya masu tsada, irin mazubin lensin kyamara, su ne aikinta. Mai tambaya ta biyu, bismillah.